Lissafin Mai Zarto

Shekara talatin da ɗaya na yi riƙe da zarto
a dajin tawhai, can kudancin Niyu Zilan.
Itacen da ya tsufa, cikinsa ya rarake,
shi muke fara kayarwa.
Ba ya kuɗi, hanya kawai yake tare wa katafila.

Wata Disamba, tsakiyar zafinmu,
na kayar da wani.
Da ya bugi ƙasa sai ga wasu 'yan baƙaƙen abubuwa
suna jan ciki a garin katako,
waɗansu tsirara, ko gashi babu.
Na ce ɓeraye ne.
Na kakkaɓe takalmi, na je na ci burodina.

Yau zarto ya cinye mini kunnen hagu,
na dama ma sai an ɗaga murya.
Hinewai, yarinyar da ke ƙirga su, ta ce:
Eruera, kada ka damu,
mai kunne biyu ma ba ya jin su.
Ta damƙa mini wata na'ura mai kamar rediyo.

Muka zauna a bakin kogi, rana ta faɗi.
Shiru.
Sai na'urar ta ce ƙas, ƙas, ƙas,
ta ƙara sauri, ta ƙara,
kamar an zazzage tsakuwa a faranti,
ta yanke.
Ya kama, in ji Hinewai.
Ihu yake wa duhu, duhu ya mayar masa da amsa,
a cikin amsar yake ganin sauro.

Pekapeka, haka kakata ke kiran wannan jemage.
Na manta sunan shekara hamsin.

Da asuba muka tarar da guda a tarko.
Mace. Ta sa mini ita a tafin hannu.
Cokali biyu na sukari, iyakar nauyinta ke nan.
Gashi ruwan ƙasa, ya fi audugar kunne laushi,
fiffike yatsu ne, dogaye, an shimfiɗa musu fata,
wutsiya a cikin tantani
wanda take lanƙwasawa kamar ludayi
ta kwashi ƙwaro tana cikin tashi.
Zuciyarta na karkarwa a kan babban yatsana,
yatsan da ke danna maƙogwaron zarto.

Zoben ƙarfen da ke damtsenta ya ce
shekara goma sha huɗu ke nan da aka fara kama ta.
Ɗa ɗaya take haifa a shekara, ba ƙari.
Ba ta cika kwana biyu a rami guda ba:
ta ɗauki jinjirin manne da nono
ta koma wani kogon, gobe wani.
Ashe ba itace ɗaya take bukata ba,
unguwa take bukata, ta tsofaffin itatuwa.

In sanyin Yuli ya sauko, ƙwari suka ɗauke,
sai ta rage wutar jikinta kamar fitila,
ta rataye, ta yi sanyi, ta jira.
A nan ɓera ke hawo mata.
Ɓeran da jirgin ruwa ya kawo,
kamar yadda ya kawo zarto.

Yanzu ni ke ɗana tarkon ɓera, layi biyu, kowace Talata.
Gwiwa na ƙara, ina tafiya.
Na fi kowa sanin itacen da ke da rami:
in na ƙwanƙwasa da gora, hannuna ke ji.
Hinewai ta ɗaura masa jan ƙyalle.
Da ma jan fenti muke shafa musu, ma'anar ce daban.

Jiya na zauna a gindin ɗaya da jikata Ngahuia.
Suka fara fitowa daga wata 'yar tsaga,
ɗaya, biyu, sai uku a tare.
Ita ta ce arba'in da uku, ni na ce da biyu.
Muka rubuta nata, idonta sabo ne.

A hanyar gida ta tambaye ni
nawa ne a cikin wancan itacen na Disamba.
Na ce ban ƙirga ba.
Ta ce, ko kusan nawa?
Na haska mata tocila a kan saiwa,
na ce, kula da ƙafarki.